Karen da Na Turke Kamar Rago

Abin ya kwana biyu. A shekarar da aka fara rufe boda ne, lokacin da kasuwar Maigatari ta yi sanyi har mu masu lodin shanu muka riƙa wuni a gindin bishiya muna kallon juna. Da na ga zaman ba zai fisshe ni ba, sai na dawo Gumel na karɓi adaidaita sahun wani bawan Allah na fara ja. Ina fita bayan sallar asuba, ba na ajiye ta sai dab da magariba. Kwana uku a mako kuma, ƙarfe biyar na yi sai in wuce makarantar yaƙi da jahilci, inda na shiga da furfurata don in kamo abin da ya wuce ni ina yaro. Da abin da na koya a can nake rubuta muku wannan, a hankali, yau kwanana uku ina yi.

A wannan shekarar ce mahaifiyata ta dawo wurina. Bayan rasuwar mahaifinmu ta zauna ita kaɗai a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, ga ciwon gwiwa, ga ido ya fara hazo, rijiya kuma da nisa. Sai da na yi ta zarya kafin ta yarda ta taso, kuma da sharaɗi ta taso: ba za ta rabu da tumakinta ba. Guda shida ne, dukkansu jikokin wata tunkiya ce da ta yi kiwo tun ƙarfinta. Gidana a bakin gari yake, akwai kango a bayansa, sai na kewaye shi da darni na zuba su a ciki. Maiɗakina tana aikin shara a wani asibiti, ba ta dawowa sai la'asar, yara kuma suna makaranta. Wato da rana gidan daga tsohuwa sai tumaki.

Wata Juma'a, maza duk suna masallaci, wani ya ɓare darnin ta baya ya janye tunkiya ɗaya. Da na dawo na tarar da Inna a zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi shekara nawa tana ƙauye ko igiya ba a taɓa ɗauke mata ba.

"In aka ƙara ɗaya," in ji ta, "ka nemo mota ka mayar da ni inda ka ɗauko ni."

Na san mahaifiyata. Ba ta maimaita magana. Na kuma san in ta koma ƙauyen nan babu mai ɗebo mata ruwa.

Shawarar kare daga abokan sana'a ta fito. Na fara tuntuɓar limamin unguwarmu, ya ce in don tsaron dabbobi ne babu laifi, a dai nisanta shi da kwanukan abinci da wurin salla, kuma in sani duk abin da na ajiye a gidana yana da haƙƙi a kaina. Kashin farko na maganarsa na riƙe da kyau. Na biyun kuwa a ƙofar masallaci na baro shi.

Ina da wani aboki Bafulatani, tun zamanin lodin shanu muke tare, rugarsu tana ta wajen Sule Tankarkar. Shi na nufa. Muka gaisa, aka kawo mini nono na sha, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Bai ce komai a kan karnuka ba tukuna, sai ya tambaye ni ƙarfe nawa nake fita, ƙarfe nawa nake dawowa, wa kuma zai wuni da karen. Na ce tumaki mana, ai don su za a kawo shi. Sai ya nuna mini wata tsohuwar karya a kwance a ƙarƙashin amalanke, kunnenta ɗaya a yage, bakinta ya fara fari. Ko tashi ba ta yi ba, ido ɗaya ta buɗe ta dube ni ta mayar. Ya ce wannan ce daidai da ni.

Na ji kamar ya raina ni. Ga wani jan kare can yana zagaya maruƙa, dogayen ƙafafu, faffaɗan ƙirji, ciki a ɗame, in ya zabura kamar ba ya taka ƙasa. Wani mafarauci ne daga wajen Damagaram ya bar masa shi tun yana kwikwiyo. Ni kuma mutum ne da ya yi shekara ashirin yana kallon yadda ake zaɓen dabba a kara, kasuwar dabbobi: a duba ƙirji, a duba ƙafa, a buɗe baki a ga haƙori. Da wannan idon na dubi karnukan nan biyu, na ce in dai ana maganar dabba, ai ba a haɗa su. Har na hango ɓarawon nan yana leƙo darni ya yi arba da wannan ƙirjin.

Abokina ya yi dariya ya ce, "Kaɗo, wannan ba rago ba ne. Ba a zaɓensa da shafa gadon baya."

Na ce ni dai shi nake so. Ya ce tun hantsi karen nan yake bin shanu har yamma, bai san zama ba. Na ce zai koya. Bai ja da ni ba, ya kamo shi ya ba ni kyauta, ni kuma na ajiye musu goro da sukari da ganyen shayi na taho ina jin na yi dabara.

Da na iso gida na yi masa abin da na iya. Na kafa turke mai ƙarfi a gindin darbejiyar da ke kangon, na sayo sabuwar igiya, na ajiye kaskon ruwa, na zuba masa ragowar tuwo. Duk wanda ya taɓa turka ragon layya ya san tsarin: inuwa, ruwa, abinci, igiya. Rago ka yi masa haka ya gode maka, ya kwanta yana tuƙa yana ƙiba. Na duba aikina na ga bai rage komai ba, na tayar da adaidaita na tafi.

Abin da ya biyo baya yawancinsa labari aka ba ni, don ba na nan. Ina fita, kare zai fara kuka, ba haushi ba, wani dogon kuka mai shiga rai, ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. In na dawo da yamma sai in tarar da shi shiru, ya gaji, yana kaɗa mini wutsiya. Sai in ce ai ga shi lafiya lau. Inna ba ta taɓa kiransa kare ba, baƙona take ce masa. In na shiga gaishe ta sai ta ce, "Baƙonka ya wuni yana kiran mutanensu." In ce sabo ne bai yi ba, Inna, a ƙara haƙuri.

Maƙwabcina tela ne, a zaurensa yake ɗinki, saboda haka shi ya fi kowa shan kukan. Ya tare ni sau biyu cikin mutunci. Shi ma na ce a ƙara haƙuri. Mutane suna yaba mini da haƙuri, har ni ma na yarda ina da shi. A wannan karon dai haƙurin nawa bai ci mini komai ba, don ina can kan titin Gagarawa iska tana kaɗa ni. Waɗanda na bari a gida su suke yin sa.

Kare ya cinye igiya ta farko a kwana na biyar. Na sayo wata. Ya cinye. A karo na uku da ya kuɓuce ya tsallake darni ya faɗa wa zabin telan nan, ya kashe biyu, bai ma ci ba, ya ajiye su a jere. Na je ba da haƙuri da niyyar in nemo masa wasu, ya ce in bar shi, ai dabba ce. Amma daga ranar gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ni kuma maimakon in tsaya in yi tunani, sai na gajarta igiyar, na ce tsawonta ne yake ba shi damar tauna. Na lura ya fara ramewa, gashin wuyansa yana zubewa inda igiya take gurzarsa. Na ƙara masa tuwo. Abin da ake yi wa rago ke nan in ya rame.

Ranar wata Talata, bazara ta kankama, ina tasha da azahar ina jiran fasinja sai wayata ta yi ƙara. Telan ne. Bai gaishe ni ba, ya ce in zo gida yanzu.

Na tarar da Inna a kangon, ta dogara sanda, wurin da gwiwarta ba ta cika barinta zuwa ba. Karen ya tsinke igiya ta huɗu, wannan karon bai fita ba, sai ya hau bin tumaki yana zagaya kangon da su. Telan ne ya jiyo gudun ya shigo ya kora shi lungu. A cikin tumakin akwai wata mai tsohon ciki, wadda Inna take lissafin kwanakinta. Ta yi ta gudu tana karo da darni har ta faɗi, ta zubar da cikin. Ga ɗan nan a ƙasa, ya gama halitta, har gashi ya fito. Na duba jikin tumakin kaf, babu sawun haƙori ko ɗaya. Ba cizo ya yi niyya ba. Gudu yake so, ya sami abin da zai bi.

Sai a lokacin na dubi inda na turke shi. Tunda na kawo karen nan ban taɓa ganin kangona da tsakar rana ba. Inuwar darbejiyar da nake barinsa a ciki da sassafe ta koma can gabas, turken yana tsakiyar rana tsirara. Ƙasar wurin ba ta takuwa da ƙafa. Ya yi zagaye a jikin turken har ya haƙa hanya kamar ta masussuka, kaskon ruwan kuma a kife. Telan ya ce kullum haka yake kifar da shi tun hantsi, kuma ya sha hango tsohuwa tana tura masa wani kwano da bakin sandarta. Ita da ko kallonsa ba ta son yi.

Da yamma na ga jakar kayanta a bakin ƙofar ɗakinta, an ɗaure. Na durƙusa na ce, Inna, ai tunkiyar tana nan da ranta.

"Cewa na yi in aka ƙara ɗaya," ta ce. "Ka ji na ce sai babba? Ɓarawo ya ɗauki ɗaya, mai gadi ya ɗauki ɗaya. Gara in tafi da sauran tun suna ƙirguwa."

Na roƙe ta ta ba ni zuwa Juma'a ta sama. Jakar dai ba ta motsa ba.

Washegari Laraba ranar makaranta ce. Na so in ƙi zuwa, sai na ga zaman gidan ma ba daɗi. Darasin agogo muke yi a makon. Malaminmu, wanda a haife na haife shi, ya ce kowa ya ja layi a littafinsa, ya jera awoyi daga asuba zuwa isha'i, ya rubuta abin da yake yi a gaban kowace awa. Don mu saba da rubuta lokaci ne kawai. Na fara: ƙarfe shida, fita. Bakwai, 'yan makaranta. Takwas, tasha. Tara, tasha. Na gangaro har ƙasa, hannuna yana ciwo, shafin ya cika da tasha da hanya da kasuwa. Da na gama na tsaya ina dubawa ko na yi kuskure, sai na kama kaina ina neman karen a cikin shafin. Babu shi. In ma zan sa shi, sai dai in matsa shi a gefen layi biyu, lokacin da nake miƙa masa tuwo da safe da lokacin da nake miƙa masa da yamma.

Na juya ɗaya shafin, ba malam ya sa ni ba, na rubuta wunin karen a ruga yadda abokina ya faɗa mini. Hantsi, bin shanu. Azahar, inuwa tare da makiyaya. La'asar, mashaya. Yamma, koro maruƙa. Na buɗe shafukan biyu ina kallo. Babu awa ɗaya da suka haɗu. Tambayar da aka yi mini a ruga tun ranar farko ke nan, na amsa ta da baki ban ji ta ba, sai da na gan ta da rubutun hannuna.

Ranar Alhamis ban yi aiki ba. Na sa kare a bayan adaidaita na kama hanyar Sule Tankarkar. Tun kafin mu isa ya fara shaƙar iska yana rawar jiki. Ina kwance igiya ya yi tsalle, ya zagaye garken sau uku a guje, sannan ya zo ya faɗi a ƙafar abokina yana haki. Abokina ya sunkuya ya duba wuyan ya daɗe. Na shirya jin faɗa. Ya ɗago ya ce, "To Kaɗo, ka dawo da shi da rai, madalla."

Na ba shi labari duka, ban rage ba. Sannan na ciro littafina. Shi ba ya karatun boko, saboda haka na karanta masa shafukan biyu da kaina, ina bi da yatsa. Ranar ce na fara karanta wa wani abin da ni na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ai da wannan takardar ya kamata in zo tun farko, da ban sha wahalar sayen igiya ba.

Tsohuwar karyar tana nan a ƙarƙashin amalankenta. Ya ce a cikin 'yan tumaki ta tashi tun idonta bai buɗe ba, ta gama gudunta na duniya, yanzu ba ta son komai sai inuwa da warin tumaki kusa da ita. Ya ce kada in kuskura in ɗaure ta. In toshe darnin da kyau, in bar ta ta kwanta a cikinsu. In binne kaskon ruwa zuwa wuyansa a inda inuwa take da azahar, ba inda take da safe ba. Abinci a kan lokaci ɗaya kullum. Kuma kafin in fita in zagaya da ita bayan gari ko na ɗan lokaci ne, in na dawo in tsuguna in yi mata magana, don ta san gidan wa take tsaro. Ya sa na nemo wa wannan aikin layi a littafin a gabansa. Na rage wa tasha rabin awa.

Da na shigo da ita Inna ta sa hannu ta kare ido ta ƙare mata kallo. Ta ce, "Ka mayar da saurayi ka ɗauko tsohuwa. Yanzu mun zama biyu."

Tumakin sun firgita da farko, suka cure a lungu. Karyar ba ta ko dube su ba. Ta shinshina darnin daga farko har ƙarshe, ta sami inuwa ta kwanta. Kafin kwana uku na dawo na tarar da tunkiyar da ta yi ɓari a kwance ta jingina da bayanta. Unguwa ta yi tsit, har telan ya aiko a tambaya ko na rabu da kiwon kare ne. Jaka dai tana bakin ƙofa. Kullum in na shigo ita nake fara dubawa kafin in yi sallama.

Juma'ar da na roƙa ta zo. Na yi ta jan ƙafa ina tunanin in yi salla a masallacin kusa in dawo da wuri. Inna ta ce in wuce inda na saba, ba a fasa ibada don tunkiya. Da na dawo take gaya mini, kamar ba wani abu ba, cewa abokiyar zamanta ta yi magana yau. Wai ana cikin huɗuba karyar ta tashi ta tsaya a jikin darnin baya ta yi haushi, murya kamar ba daga jikinta take fita ba. Inna ta buga tasa da sanda, matar telan ta leƙo, sai ga wani mutum yana cewa akuyarsa yake nema. Ya juya ya tafi. Ban san ko ɓarawo ba ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Wataƙila da gaske akuyarsa yake nema. Ba a dai sake neman akuya a bayan gidana ba.

Inna ba ta taɓa cewa ta fasa tafiya ba. Bayan kamar mako biyu na shigo ban ga jakar ba, na ɗauka ta tafi. Na leƙa kango sai na gan ta a rataye a reshen darbejiya, cike da kowar wake, Inna tana ɗiba tana watsa wa tumaki, karyar tana kwance a gefe. Na koma da baya a hankali.

Abin da ya sa na tuno da wannan, kwanan nan wani a cikinku a wannan dandalin ya tambaya wane irin kare ya dace da mutumin da yake wuni a wurin aiki, na ga ana ta kawo sunayen karnukan Turawa da hotunansu. Ni ban san su ba. Abin da na sani, kafin ka dubi kare ka fara duban wuninka. Ka rubuta shi in kana iyawa, in ba ka iyawa ka sa a rubuta maka. Kwikwiyo mutum yake so a kusa da shi, mai dogayen ƙafafu fili yake so, kuma duk kyansu ba za su sauya don kai ba. Wanda ba ya gida ya nemi wanda ya girma, ya natsu, ya saba da abin da zai tsara, ya kuma je ya ga inda zai ajiye shi da tsakar rana da idonsa. In ka duba shafin ka ga babu ko rabin awa, ka gyara darninka ka bar kare a inda yake.

Karyar ta yi shekara huɗu tare da mu, ta mutu a inuwarta. Wadda ta gaje ta ma daga rugar ta zo, kuma wannan karon abokina na bar wa zaɓi. Inna tana nan, gwiwa dai sai a hankali, tumakinta sun kai goma sha ɗaya. Ni da tela mun koma cin tuwo a kwano ɗaya. Jan karen kuwa har yanzu in na je ruga yana zuwa ya shinshina ni, bai riƙe ni da komai ba.

Abin da aka rasa ba shi da wuyar ƙirgawa. Tunkiya ɗaya da ɓarawo ya janye. Ɗan tunkiya ɗaya da bai sha nono ba. Zabi biyu na maƙwabci. Igiya huɗu. Sai gashin wuyan jan karen nan, faɗin yatsa biyu, wanda har yau bai sake tsirowa ba.